Goron da Makau Ya Miƙa a Guje

Ban ga ranar da aka haifi Makau ba, amma na ga ranar da aka cire lambarsa daga allon layi a tashar 'yan akori-kura ta Anka, na kuma ga ranar da aka mayar da ita. Tsakanin ranakun nan biyu wata huɗu ne da 'yan kwanaki. Duk wanda ka ji yana ba da labarinsu yanzu a teburin mai shayi, gishiri yake ƙarawa. Wani ya ce motar tashi sama ta yi. Wani ya ce laya ce a ƙarƙashin kujera. Ni kuwa ina cikin motar, a kujerar gaba, gwiwata ta dama har yau tana tuna min in an yi sanyi. Sunana Lukman, kabu-kabu nake yi da babur. Na yi boko har aji huɗu na sakandare, daga nan muka rabu da makaranta ba wanda ya yi wa wani kuka.

Makau mutumin Gwashi ne, can ƙasar Bukkuyum. Ubansa fatauci yake yi da jakuna, hatsi a tafiya, gishiri da kanwa a dawowa. Ya ce min jaki mai kaya in ka tsayar da shi kwanciya yake yi, tayar da shi kuwa sai an kwance kayan an sake ɗaurawa. Saboda haka ubansa ba ya tsayawa don shan ruwa. In ƙishi ya zo sai ya ce, “Matso.” Makau ya zunguri nasa jakin ya zo daidai da na uban, kunne da kunne, a miƙo masa gora ya sha ya mayar, jakuna na ta tafiyarsu.

“Nan na yi karatuna duka,” in ji shi. “Jakai biyu in sunka daidaita tahiya, tsaye suke. Ƙasa ce ka gudu ƙarƙashinsu.”

Daga jaki ya koma lodin auduga a manyan motoci, daga lodi ya koyi sitiyari, ya yi shekaru yana jan motocin mutane kafin ya samu tasa. Lokacin da na san shi ya haura hamsin, gajere, kakkaura, hula a ƙeya, goro a kunci. Motarsa tsohuwar akori-kura ce da ake kira Ta-Gwashi. Malejinta, wato allurar nan mai nuna gudu, ya mutu tun kafin ta zo hannunsa, kuma bai taɓa kai shi gyara ba. A bayanta ya rataya tsofaffin tayoyi biyu da sarƙa, don wata rana a tura shi, wata rana shi ya ja wani. Hanyarsa ɗaya ce, Anka zuwa Gummi, ta Nasarawar Burkullu da Daki Takwas, in an samu lodin Bukkuyum ya ratse.

A shekarun nan babu wayar hannu a wajenmu. Saƙo a hannun direba yake tafiya: takarda, ƙullin magani, makullin shago da aka manta, goron gayyatar suna. To Makau ba ya son tsayawa da kaya a gefen hanya, gefen yashi ne, kuma Ta-Gwashi in ta kwanta halin jakin ubansa gare ta. Sai ya dawo da karatunsa na yarinta. In yana da saƙon da zai karɓa daga motar da ke bayansa, ya fito da hannu ya yi mata alama ta zo ta hagu kamar za ta wuce. Tana zuwa daidai da shi sai ya daidaita gudunsa da nata, wanda ke kujerar gaba a can ya miƙo, shi ya karɓa. Wannan shi muke kira miƙo. Ba ya yin sa sai a miƙaƙƙiyar hanya, inda ido ke kai wa nesa babu mai zuwa.

Na taɓa tambayarsa yadda yake sanin gudunsu ya zo ɗaya, ga maleji a mace.

“Mariƙin ƙoharshi nika kallo da wutsiyar ido,” ya ce. “In yana zamewa gaba, in ƙara wuta. In yana zamewa baya, in sassauta. In ya tsaya cik, to mun tsaya, ko da itatuwa na ta gudu. Itatuwa ba su da saƙo, mi ruwana da su?”

Da idona na ga an miƙo masa kofin shayi a haka, cike, ya kurɓa ya ce sukari ya yi kaɗan, ya mayar.

Sauran direbobi suka ɗauka. Shekara da shekaru ana miƙo a hanyar nan ko ƙwarzane ba a yi ba, sai da Bature ya zo.

Bature sa'ana ne, mun yi firamare tare. Ƙaramar bas yake ja, ta wani ɗan kasuwa, mai ɗaukar mutum goma sha takwas in an danne. Yaro ne mai son a ce ya iya. Wata rana cikin shekarar 2000 ya ari sifanar kwance taya a wurin Tanko, wani direba mai jan ƙaramar motar haya, tasha-wagon, mutum mai sanyin hali. Washegari suka haɗu a hanya, Bature ya nufi Gummi, Tanko yana dawowa. Ka san in motoci suka haɗu gaba da gaba, tagar direba tana kallon tagar direba. Sai Bature ya ga ai wannan ma ya fi sauƙi, ba sai an nemi ɗan kujerar gaba ba. Ya haska fitila, ya ɗago sifana a naɗe cikin tsumma. Tanko, Allah sarki, ya miƙo hannu.

Hannun ya karye wuri biyu a wuyan hannu. Sifanar kuwa ba a same ta ba sai bayan kwana uku, cikin gonar wani.

Aka kira taro a rumfar tasha. Shugaban tashar shi ne Alhaji Modibbo, muna ce masa Ciyaman. Ba mugu ba ne, gaskiya. Tsohon direban tirela ne, shekara ashirin yana zuwa Ikko, murya gare shi kamar salansa ta fashe, kuma in ya faɗi magana a gaban mutane, ko shi ya gane ba daidai ba ce, sai dai a binne su tare. Tanko na zaune da hannu a ɗaure cikin karare. Ni na jingine babur na tsaya a bakin rumfa, don inda ake taro ƙafata ba ta wucewa.

“Makau, wa ya kawo miƙo tashar ga?” Ciyaman ya tambaya.

“Ni ne, Ciyaman.”

“To ga hannun Tanko.”

“Na gani. Allah shi ba shi lahiya. Amma ba ni na karya shi ba, ba kuma miƙo ya karya shi ba.”

“Mi ya karya shi?”

“Rashin sani, da sifana.”

Bature ya miƙe, ido ya yi ja, ya dubi Makau. “Wallahi Baba ko jefawa ban yi ba. Sakinta kawai na yi.”

“Gudun nawa kake?”

“Sittin.”

“Tanko fa?”

Tanko ya ce shi ma wajen haka.

Makau ya ce, “To ba sai ka jefa ba, ɗana. Motarka ta jefa, motarshi ta tarbo. Da gudun mota biyu ka buge shi.”

Nan wani abu ya motsa a kaina. Akwai wani malami ɗan bautar ƙasa da ya taɓa zana mana irin wannan a allo, ranar ma na shiga aji ne don ana ruwa. Na kutsa, na durƙusa, na zana motoci biyu a ƙasa da makullin babur.

“Ranka ya daɗe, duba nan. In suna fuskantar juna, sittin da sittin, ɗari da ashirin. In sun nufi wuri ɗaya, sittin a cire sittin, sifiri.”

Ciyaman ya leƙo zanen kamar mai duba kashin kaza. “Wato mota na gudun sittin, kai kana ce min sifiri.”

“A idon ta kusa da ita, ranka ya daɗe.”

“Mota ido gare ta?”

Rumfa ta ɗauki dariya.

“Shekara ashirin ina jan tirela ban taɓa ganin mota na gudu tana tsaye ba. Wa ma ya gayyato mai ƙafa biyu cikin maganar masu ƙafa huɗu? Ku fitar min da shi.”

Aka fitar da ni, amma rumfa ba ta da bango ta ɓangare uku, don haka fitar ba ta da wata ma'ana. Na ji sauran.

Ciyaman ya ce daga yau an hana miƙo. Ya ce Makau ya tashi gaban 'yan'uwansa ya ce miƙo kuskure ne, shi ya jawo, a yi haƙuri. In ya faɗa, magana ta wuce. In ya ƙi, a cire lambarsa daga allo.

Allon nan shi ne rayuwar tasha. Katako ne mai ƙusoshi a jere, kowace mota da ɗan gwangwaninta mai lamba. Wanda gwangwaninsa ke ƙusar farko shi ke lodi, in ya tashi a matso da na baya. Wanda ba ya kan allo, ko buhu ɗaya ba za a ɗora masa a tashar ba.

Makau ya tofar da tukar goro gefe. “Ciyaman, in ka hana duka biyu, yaran ga za su ɗauka duka biyu abu guda ne. Ranar da ba ka gani, wanda ya hi musu sauƙi za su gwada, shi ne kuwa mai karya hannu. Hana wanda ya yi ɓarna, ka bar wanda bai yi ba.”

“Ba shawara na nema ba. Kalma na nema.”

“Ba ni da ita.”

Ciyaman ya yunƙura zai tashi, Makau ya ce, “Zamna, in hutasshe ka.” Ya je ya zare gwangwaninsa da kansa, ya goge shi da bakin riga, ya ɗora a tafin Ciyaman. “Aje min shi inda ba shi tsatsa. Da hannunka za ka mai da shi.”

A ranar aka rubuta da baƙin fenti a bango ɗaya tilo da rumfar ke da shi: AN HANA MIƘO.

Wata huɗun nan Makau ya sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ya koma bin ƙauyuka, wajen Abare da Sunke da can ciki, yau itace, gobe taki, jibi awaki uku da mai su. Hanyoyin suna cin taya kamar gara. Wata rana ya wuni bai ɗauki komai ba sai iska. Matarsa Lauratu mai ƙuli-ƙuli ce, ni ke kai mata man gyaɗa kasuwa, don haka ina shiga gidan har tsakar gida. Wata safiya na tarar suna yi.

“Malam, kalma ce fa,” ta ce, tana murza tunkuza ba ta ko ɗago ba. “Ka hwaɗa da baki, ka riƙe naka a ciki.”

“In na hwaɗi ƙarya da bakin ga, da wane zan ci tuwonki?”

“Da wanda za ka ci ranar da babu tuwon.”

Ta juyo kaina. “Kai Lukman, tunda kai ne lauyanshi mai zane a ƙasa, gaya mishi buhun gero ya kai gindi.”

Na ce Inna, ni ma korata aka yi.

Makau ya gyara hula ya fita. A zaure ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, “Gaskiya gare ta. Ni ma gaskiya gare ni. Tata ta hi kusa, shi ke nan.” Amma bai je tasha ba.

Shekarar man fetur ya yi wuya, sai a galan a bakin hanya, kamar turare. Direbobi suka ɗauki wata dabara: in an zo gangare a sa giya a firi a kashe inji, mota ta gangara da kanta, in an kai ƙasa a jefa giya ta tashi. Kowa na yi. Makau kaɗai ke cewa mota in ka kashe ta a gangare ka zama fasinja.

Ranar da abin ya faru babur ɗina ne ya buga inji bayan Nasarawar Burkullu, da hantsi. Ina tura shi ina zagin wanda ya sayar min da baƙin mai, sai ga Ta-Gwashi fayau babu kaya, za ta Gummi ɗauko wa wani asabari. Muka ɗora babur a baya muka ɗaure, na shige gaba.

Akwai wani dogon gangare a hanyar da muke kira Zuba-Ni. Ba shi da tsayi sosai, amma yana da tsawo, kuma ruwa ya cinye gefensa biyu ya bar kwazazzabai. A ƙarshensa akwai 'yar gada mai cin mota ɗaya. Muna fara sauka na hango gadar cike da shanu, garke guda ana ƙetarawa, ga mata uku da ƙoren nono a ka suna bin gefe. Makau ya fara sassautawa. Sai na ga ya kalli madubi, ya sake kallo.

“Bature ya kashe inji,” ya ce.

Na juya. Bas ce a saman gangaren, tana tahowa shiru babu ƙara. Hannun Bature a waje yana ta kaɗawa kamar mai korar ƙudan zuma. Daga baya muka ji abin da ya faru. Birkinsa dama ba wani na kirki ba ne, da inji a kashe kuma ya ƙame kamar dutse. Ya murza makulli, batir ya ƙi. Ya nemi jefa giya, gudu ya riga ya yi yawa, ta ƙi shiga sai gurnani. Birkin hannu kuwa tun bara da roba aka ɗaure shi.

“Baba, kauce,” na ce.

“In na kauce ina za shi?”

Na kalli gada. Na kalli shanu da matan nan.

Sai ya taka totur. Na ɗauka gudun ceton rai ne, har na fara tunanin ta inda za mu bi ta cikin shanu.

“Juya ka zama idona,” ya ce. “Kar ka ce min tana gudu, na sani. Ce min tana girma ko tana ƙanƙancewa.”

Na durƙusa a kan kujera ina leƙe ta gilashin baya, ta saman babur ɗina.

“Tana girma.”

“Da sauri?”

“Da sauri.”

Ya jefa giya ta huɗu. Ta-Gwashi ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Rashin kayan nan da ya dame shi wata huɗu, ranar shi ya ba ta ƙafa.

“Yanzu fa?”

“Tana girma, amma a hankali.”

“Yanzu?”

“Ta tsaya.”

Ta tsaya kuwa. Itatuwa na wucewa fuu ta gefe biyu, kwalta na zubewa a ƙarƙashinmu, amma bas ɗin nan tana bayanmu kamar an ajiye ta a tasha. Tsakaninmu bai fi tsawon mota uku ba. Ina ganin fuskar Bature. Ina ganin wata tsohuwa a kujerar gaba rungume da kaza, bakinta na motsi da salati. Sifirin da aka yi min dariya a kansa, ga shi ina kallonsa ido da ido, kuma ban ji daɗin ganinsa ba ko kaɗan.

“Ta fara girma kuma, Baba.”

“Gangare ke ƙara mata. Gudu daban, ƙarin gudu daban. Mu ma za mu ƙara, amma ƙasa da nata kaɗan. Ƙirga min.”

“Mota biyu. Mota ɗaya da rabi. Mota ɗaya.”

Ya fito da hannu ya yi wa Bature alama ya miƙe sitiyari, kar ya karkata.

“Tsawon mutum. Kamu biyu. Baba, ga ta.”

Ka san yadda aboki ke dafa kafaɗarka ta baya a kasuwa? Haka ta taɓa mu. Tayoyin nan biyu na baya suka lotsa, sarƙa ta yi ƙara, shi ke nan. Mutum goma sha tara da kayansu da kazarsu sun jingina da Ta-Gwashi, ko gilashin fitila bai fashe ba.

Wahalar a nan ta fara. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taɓa birki ya saki, ya taɓa ya saki. Bas ta turo mu, bayan motar ya nemi kaucewa, ya dawo da shi. Ya ja giya ta uku, inji ya yi kururuwa. Warin birki ya cika mota. Igiyar babur ɗina ta tsinke, ya zo ya daki bayan kan motar, ni kuma na wuntsila gwiwata ta samu ƙarfen gaba. Giya ta biyu. Gada na ta girma, yanzu ita ce ke girma da sauri. Matan nonon sun watsar da ƙore sun manne da ƙarfen gada. Sai ya miƙe tsaye a kan birkin, hularsa ta faɗi.

Inda muka tsaya, tsakaninmu da saniyar ƙarshe bai kai tsawon tabarma biyu ba. Ta juyo ta kalle mu, ta kaɗa wutsiya. Makiyayin ya faɗi wata magana da Fillanci wadda ban so a fassara min ba, ya kora abinsa.

Makau ya ciro goro daga aljihu ya miƙo min. Sai ni na ɓara masa. Fasinjoji suka firfito, wasu na kuka, wasu na sujada a kwalta. Bature ya zo ya zauna daɓas a gaban tayarmu.

“Gudun nawa kake?” Makau ya tambaye shi ta taga.

“Ban sani ba, Baba.”

“Ni ma ban san nawa ba. Amma na san da gudun da ka taɓa ni. Gudun tsohuwa mai zuwa rijiya. Shi ya sa kake da haƙora.”

Kafin la'asar labari ya riga mu isa Anka. Washegari Ciyaman ya aika aka kira Makau rumfa, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ya ciro gwangwanin daga aljihu. Kowa ya gyara tsayuwa.

“Ga lambarka. Sai dai doka doka ce. Ka hwaɗi kalmar nan, in rataya. Abin da ka yi a Zuba-Ni ai ba miƙo ba ne.”

“Shi ne, Ciyaman. A da takarda nika karɓa, jiya bas na karɓa.”

“Hwaɗa ko a hankali, ni da kai.”

“Ko a mafarki.”

Bature ya durƙusa ya ce laifin nasa ne tun farko, shi a cire tasa. Tanko, wanda hannunsa ya warke har ya koma aiki, ya sa baki. Ciyaman ya kalli jama'a, ya kalli bangon da aka yi rubutu, ya mayar da gwangwani aljihu. Da na kai wa Lauratu labari, cewa ta yi, “Tsohhi biyu, kai guda.” Ta ci gaba da suyarta.

Bayan kwana tara, babur ɗina na wurin makaniki har lokacin, na bi Makau Gummi neman kayan gyara. Mun wuce Daki Takwas, inda hanya ke miƙewa kamar an ja zare, babu kowa a gaba har iyakar gani. Sai ga tasha-wagon ɗin Tanko ta bayanmu, Ciyaman a kujerar gaba, za shi ɗaurin aure. Tanko ya fita hagu zai wuce. Yana zuwa daidai da mu, tagar Ciyaman na kallon tagar Makau, sai na ji Ta-Gwashi ta ƙara wuta. Mariƙin ƙofarsu ya tsaya cik.

Makau ya ciro farin goro babba, ya miƙa hannu ta taga, ya tsayar da shi kamu ɗaya daga hancin Ciyaman.

“Barka da hantsi, Ciyaman. Ga na ɗaurin aure.”

Ciyaman ya kafe ido a gaba kamar mai ɗaukar hoton fasfo. “Tanko, wuce.”

Tanko ya ƙara wuta. Makau ya ƙara. Goro bai motsa ba.

“Tanko, koma baya.”

Tanko ya sassauta. Makau ya sassauta. Goro na nan.

“Ciyaman, ni fa ƙafata ta gaji,” in ji Tanko, kuma na rantse murmushi yake yi. “Ga hannuna bai gama ƙwari ba.”

Fasinjojin baya suka fara. Wani ya ce Alhaji karɓi mana, kyauta ce. Wata dattijuwa ta ce in ba ya so a miƙo mata. Muka wuce gona, muka wuce wata gonar, muka wuce rijiya da masu ɗibar ruwa suna binmu da kallo. Hannun Makau a miƙe, idonsa a hanya, yana 'yar waƙarsa a hanci. Na ga Ciyaman ya saci kallon goron. Ya kalli itatuwan da ke gudu. Ya sake kallon goron, ya daɗe.

Sai ya ɗago hannu a hankali, kamar mai tsoron wuta, ya ɗauke shi da yatsa biyu.

Makau ya ɗaga ƙafa, tasha-wagon ta zame gaba, dariyar mutanen cikinta na biyo mu a iska.

Kashegari da safe ina bakin tasha na ga Ciyaman ya zo shi kaɗai, bai kira taro ba. Ya tsaya gaban allo, ya ciro gwangwani, ya rataya a ƙusar farko. Sannan ya waiwayo ya gan ni.

“Kai mai sifiri. Ka iya rubutu, ko shi ma rabi ne?”

Na ce ranka ya daɗe, in kalmomin ba su da tsawo.

Ya sa aka kawo fenti. A ƙarƙashin AN HANA MIƘO na ƙara GABA DA GABA. Ya ce in ƙara wani layin, na rubuta AN HANA KASHE INJI A GANGARE. Makau ya iso ana cikin haka, ya kalli allo, ya kalli bango, ya ce G ɗina ta karkace. Ya juya Ta-Gwashi ya kafa ta a bakin lodi. Ranar buhun gero ashirin ya ɗauka zuwa Gummi, da yamma kuma ya sauke wa Lauratu nata a ƙofar gida.

Yanzu waya ta shigo, ƙarfen sabis ya tsaya a Anka da Gummi, saƙo ya daina bin direba. Miƙo ya mutu da kansa, ba wanda ya hana shi. Makau na nan yana jan Ta-Gwashi, malejin na nan a mace. Ciyaman ya sauka daga kujera, yana zuwa rumfa shan inuwa. Kwanan baya na tsokane shi, na ce ranka ya daɗe, yanzu dai ka yarda mota na iya gudu tana tsaye.

Ya harare ni. “Ni ban ga mota ta tsaya ba,” ya ce. “Goron ne ya tsaya.”